Ganyen da ke Ƙeyar Mamaci

Ungulu ce ta fara sanin Lomukuny ya mutu, sai mai gawayi, sai matan da ke zuwa sarin gawayin, sai sauran jama'a. Ekitela mai bin sawu, wanda aikinsa ne ya riga kowa sani, shi ne na ƙarshe, domin a lokacin yana tsugune a bayan shinge yana shawara da cikinsa a kan naman wata akuya da ta mutu da kanta.

Kafin ya ɗaura mayafi ya isa gaɓar busasshen kogi, duk mai ƙafa a zangon ya riga ya tattake wurin: maza, mata, jakuna, har da awakin da suka zo kallo. Ya tsaya ya dubi ƙasa. Da za a tambaye shi wa ya yi kisan bisa ga sawu, sai ya ce kowa.

"Ga mai sanƙo nan," in ji wani. "A ba shi hanya ya shinshina."

Lomukuny na kwance rub da ciki a gefen tulin gawayi, wuya a karye, ba ɗigon jini. Mutum ne mai bishiyoyi. Duk ƙandilin da ke wannan gaɓa tun daga kwanar kogi har mashaya nasa ne gadon uba, kuma a shekarar da fari ya cinye ciyawa, mai 'ya'yan ƙandili shi ne mai rai. Ko a mace ma ya fi na tsaye kyan gani. A ƙeyarsa akwai sabon yaɓin yumɓu mai shuɗi-shuɗi, sumul, irin wanda duk namiji mai gashi ke ɗorawa ya soka gashin jimina. Ekitela ya daɗe da daina kallon irin wannan ado. Gashinsa ya yi ƙaura tun yana saurayi, bai kuma aiko da saƙo ba.

Sun riga sun sami mai laifi. A jikin wani busasshen kututture, a tsakiyar rana, an ɗaure Ewesit mai gawayi, hannu baya, da igiyar ɗanyar fata wadda aka jiƙa. Irin wannan igiya ba ta bukatar mai tsaro. Rana ce ke ja ta.

Eyanae, ƙanen mamacin, shi ke riƙe da sanda. "Ba sawu muke nema ba, mai sanƙo. Ga gawa, ga gawayi, ga mai gawayi. Ko makaho ya ga wannan."

"Shi ya sa nake shakka," in ji Ekitela.

Tsoho Lokaale, wanda ke yanke magana a gindin bishiyar maza, ya tofar da tabar bakinsa. "Je ka nema, ɗana. In rana ta sauka kan dutsen can ba ka kawo mana wani ba, wannan ya ishe mu."

*

Ekitela ya tsuguna a gaban ɗaurarren. Leɓunan Ewesit sun tsage, yatsunsa sun fara kumbura kamar 'ya'yan tsamiya a ruwa. Dā shi ma mai garke ne. Fari ya kwashe, ya koma ƙona itace, aikin da kowa ke tofa wa yawu ya kuma aiko matarsa ta saya.

"An ce mamacin ya doke ka."

"Ya doke ni mana. A kan reshe ɗaya, shi ma busasshe. A gaban matata." Muryarsa kamar ana jan buhu a tsakuwa. "Ekitela, dubi tulin nan. Wutata na cinye bishiya guda ta bar toka. In ni na kashe shi, sai in kwantar da shi a gefenta kamar mai jin sanyi?"

"Ina ka kwana?"

"A gida. Da safe na zo buɗe wuta na same shi. Ni na yi ihu ma. Ni na kira su da bakina." Ya yi wata 'yar dariya da ba ta fito ba. "Ka ce su sassauta igiyar nan. Ba na jin hannuna."

Ekitela ya faɗa wa Eyanae. Eyanae ya ɗebo ruwa a ƙoƙo, ya wuce ta gaban bakin Ewesit a hankali, ya zuba a kan igiyar.

"Na sassauta," in ji shi. Samari suka bushe da dariya.

*

Asekon, matar mamacin, tana zaune a ƙofar bukka tana cire tsakiyoyin wuyanta ɗaya bayan ɗaya kamar yadda takaba ta ce. Idonta a bushe yake.

"Yaushe ya fita, uwar gida?"

"Jiya da hantsi."

"Ya ce ina za shi?"

"Ka taɓa jin ya faɗa wa mace inda za shi? Ya ɗauki 'yar kujerarsa, ya ɗauki gashin jiminarsa a kube, ya ce kada in bar awakin kowa su leƙa gindin bishiyoyinsa. Kalmarsa ta ƙarshe ke nan a gare ni. Awaki."

"Wa yake ƙinsa?"

"Tambayi wa yake sonsa, ka huta da wuri." Ta jefa tsakiya a ƙwarya. "Kai mai bin sawu ne, ko? To bi sawun gado. Wa zai ci bishiyoyi? Wa zai ci garke? Ni ma, wa zai gaje ni kamar tukunya?"

Wannan magana ta yi wa Ekitela daɗi ƙwarai, fiye da yadda ya kamata, don ya daɗe yana neman dalilin ganin Eyanae a jikin kututture. Ya gangara rijiyoyin cikin kogi da saurin da gwiwarsa ba ta yarda da shi ba. A can masu haƙa suka kashe masa gwiwar gaba ɗaya. Suka ce jiya Eyanae na cikin rami tare da su tun fitowar rana har faɗuwarta, shi ne ma na can ƙasa mai miƙo ƙwarya, kuma ya kwana a bakin ramin yana gadin ruwa da su.

"Ba don muna sonsa ba," in ji ɗaya daga cikinsu. "Da ramin ya rufta da shi, da mun ci gaba da haƙa a gefe. Amma yana nan."

Ekitela ya hauro gaɓa yana haki. Inuwarsa ta fara tsawo. Daga nesa yana hango kututturen, kan Ewesit ya faɗo a ƙirji.

*

Saura mutum ɗaya da zai iya sanin inda mamacin ya nufa: Lotiang, amininsa, wanda ke yi masa yaɓin kai tun suna samari. Ba kowa ake miƙa wa ƙeya ba. Mutum zai kwanta rub da ciki, goshi a kan 'yar kujera, ido a ƙasa, ya bar wani a bayansa rabin yini. Lotiang kuwa hannunsa ya yi suna. Shi kaɗai ne ma a sa'o'insu bai taɓa yi wa Ekitela dariyar sanƙo ba. Ranar auren Ekitela, Lotiang ya yi ƙoƙarin ɗora masa yumɓu a fatar kai tsirara, abin ya zame ana tsakiyar rawa ya faɗi a ƙafar surukarsa, Lotiang ya rantse wa jama'a cewa laifin yumɓun ne.

Ekitela ya same shi yana feɗe akuya a bakin garke. Garken shiru. Fatu a shanye a kan shinge sun fi masu numfashi yawa. A gefe, cikin wani zagayen ƙaya na daban, gawo na tsaye kore shar a kan kushewar uban Lotiang. Gawo ɗan tawaye ne: damina ya tuɓe, rani ya yi ado. Tun ambaliyar da ta kwashe 'yan'uwansa na gaɓa, shi kaɗai ya rage a wannan yanki, kuma ba a sare masa reshe, ba a bar dabba ta raɓe shi. Awakin da suka rage suna kwance suna kallonsa ta cikin ƙaya.

"Sa'ana," in ji Lotiang, bai ɗago ba. "Zauna. Nama ne kawai ba zan ba ka ba, na ji labarin cikinka."

Ekitela ya zauna a jikin zagayen, inda inuwar gawon ta tsallako waje. "Yaushe rabonka da Lomukuny?"

"Shekaranjiya. A gindin bishiyar maza na yi masa kai, kowa ya gani. Kai ma kana wurin kana barci da baki buɗe."

"Ka gama masa?"

"Na gama." Wuƙar ta tsaya, ta ci gaba. Hawaye na bin hancinsa yana ɗiga a kan fatar. "Tare aka cire mana haƙoran ƙasa, ni da shi. Tare muka kashe bijimin samartaka. Yanzu wa zai yi mini nawa kan?"

Ekitela ya miƙe, ya dafa kafaɗarsa, ya kama hanya, yana jin kansa wawa mai cikakken iko. Ya tambayi mutum uku ya sami gaskiya uku, ba wadda za ta kwance igiya.

A hanya ya kai hannu ya share gumin sanƙonsa. Wani abu ya biyo tafinsa. Ya duba: 'yan ganyaye ne, sun sauko daga bisa sun manne a jiƙaƙƙiyar fata yana zaune bai sani ba. Ya ɗaga hannu zai karkaɗe, sai ya tsaya.

Abin da ya manne a sanƙo, ai zai manne a ɗanyen yumɓu.

Kuma mutumin da aka gama wa kai shekaranjiya, me zai sa ya fita jiya da gashin jimina a kube maimakon a kai?

*

Ya tarar ana shirin naɗe gawar a fatar bijimi. Bai nemi izini ba, don ya san ba za a ba shi ba. Ya ɗauki dutse, ya durƙusa, ya buga a ƙeyar mamacin.

Mata suka ɗora hannu a ka. Sandar Eyanae ta sauka a gadon bayansa, ta sake sauka. Ekitela ya ci gaba da ɓamɓare yumɓun kamar mai fasa ƙwai, yana tunanin cewa in ya yi kuskure, akwai sauran wuri a jikin kututturen.

"Bar shi," in ji Tsoho Lokaale. "Mahaukaci ma a bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Me kake nema a kan matacce?"

"A tara mutane, baba. A kira Lotiang ma, amininsa ne, ya kamata ya ji."

*

Aka taru a gindin bishiyar maza, babban ƙandili mai laima. Rana ta kusa dutse. Aka jawo Ewesit da igiyarsa aka yar a gefe. Eyanae na tsaye, Asekon na zaune can baya cikin mata, Lotiang ya zo da jinin akuya a hannu ya tsuguna a kan 'yar kujerarsa.

Ekitela ya shimfiɗa baƙar fata, ya ɗora ɓaraguzan yumɓun a kai.

"Ni ba ni da gashi, don haka ku gyara mini in na ɓata. Yaɓi hawa biyu ne, ko? Na ƙasa mai riƙe gashi, na sama mai launi."

"Ko sanƙo ya san wannan," in ji wani.

"To ga na ƙasa. Ya bushe ƙarau." Ya murtsuke shi, ya tsince wasu 'yan ƙwayoyi ya jera. "Baba, ganyen me ke nan?"

Tsohon ya kawo ido kusa. "Ƙanana, a cunkushe kamar ƙwarƙwata, kore mai duhu. Ƙandili ne. Na wannan da ke kanmu ma."

"Haka ne. A nan aka yi na ƙasa shekaranjiya, ina barci da baki buɗe. Ga na sama." Ya danna yatsa, yatsan ya shiga. "Cikinsa ɗanye. Wannan bai kwana biyu ba. Jiya aka yi shi, kuma ba a kai ga huda gurbin gashin jimina ba."

Ya tsaga ɓangaren da farce. A ciki, kwance kamar an ajiye shi da gangan, akwai ɗan reshen ganye guda cikakke, mai yaɓin ya shafe shi da tafin hannu bai lura ba.

"A wurin gawayin Ewesit akwai ƙandili, akwai dakwara. Dakwara tsirara take tun da ruwa ya ɗauke, ko ganye ɗaya ba ta da shi. Wannan kuwa ku duba. Ya fi na ƙandili tsawo, ya fi shi sarari. Launinsa toka-toka. Shafa ka ji, baba, yana da laushin gashi kamar kunnen ɗan akuya. Ga kuma ɗan ƙurji a tsakanin kowane reshe biyu."

Tsohon ya shafa. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya shafa ya miƙa. Ganyen ya zaga hannu zuwa hannu, ba wanda ya so sunan ya fito daga bakinsa, alhali ko yarinyar da ke kiwon 'yan awaki ta san shi. Sai da ya isa wurin mata.

"Gawo ne," in ji Asekon, da muryar mai faɗin farashin gishiri.

Ba wanda ya juya ya dubi Lotiang. Duk suka dubi ƙasa, kamar su ne masu bin sawu.

Lotiang ya goge hannunsa a cinya. Ya sa hannu a mayafi ya zaro kube, ya ajiye a kan fatar. Gashin jimina fari ya leƙo.

"Ban kai ga soka masa ba," in ji shi.

"Kare!" Eyanae ya yi kansa, aka riƙe shi.

"Na roƙe shi 'ya'yan ƙandili, ba sau ɗaya ba. Buhu ma ban ce ba, na ce a bar awakina su tsinci abin da nasa suka taka. Ya ce abota daban, bishiya daban. Suna mutuwa ina feɗewa, yana zuwa yana miƙo mini ƙeya." Lotiang na magana a hankali, kamar mai ba da labarin wani. "Jiya na ce bari in shigar da shi inda ban taɓa shigar da kowa ba. Inuwar can ta fi kauri, yumɓu ba ya tsagewa. Na ce in na roƙe shi a gaban ubana zai ji kunya. Ya kwanta, na yaɓa, na shafe, na roƙa. Sai ya yi dariya, goshinsa a kan kujera. Ya ce, Lotiang, ga kore a kanka kana bara? Sare wannan mana. Ubanka ba ya cin ganye."

Ya dubi tafin hannunsa. "Dutsen niƙa launi na gefena. Wuyansa na miƙe a gabana. Ban ma tashi tsaye ba."

"Ka ɗora shi a jaki ka kai bakin gawayi," in ji Ekitela.

"Hanyar jakuna ce, na san ba za ka ga sawu ba. Na san ka, sa'ana."

"Ewesit fa? Me ya yi maka?"

Lotiang ya dubi mutumin da ke kwance a ƙasa kamar yanzu ya fara ganinsa. "Ba shi da garke," in ji shi. "Na ɗauka ba wanda zai yi asara."

*

Igiyar ta ƙi kwantuwa, sai da aka yanka ta daga cikin nama. Ewesit ya ɗago hannuwansa ya dube su. Sun yi baƙi kamar hajarsa, yatsun a sanƙare. Matarsa ta sa masa ƙoƙon ruwa a tafi, ƙoƙon ya zame ya faɗi. Ta sake sawa, ya sake faɗuwa.

Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. "Dama ɓarawon itace ne," in ji Eyanae, yana jiƙa sabuwar igiya. "A lissafa masa a kan reshen nan."

Lotiang ya miƙa hannu baya da kansa. Da suka zo wucewa da shi ta gaban Ekitela ya ɗan tsaya.

"Ranar aurenka," in ji shi, "ba laifin yumɓun ba ne."

Abin da aka yi masa a jikin kututturen bai ɗauki tsawon na Ewesit ba, don wannan karon ba wanda ke jiran rana.

Da aka zauna maganar diyya, sai aka tarar mai kisan bai bar abin kirki ba: fatu, jaki, 'yan awaki masu jiran layi. Eyanae ya ce to a ba shi gawon. Tsoho Lokaale ya tauna taba ya daɗe, sannan ya ce uban da ya haifi wannan ɗa bai cancanci inuwa ba. Aka buɗe zagayen ƙayar, aka sare shi tun daga gindi. Awakin Eyanae suka cinye ganyen a tsaye a kan kushewar. Gangar jikin kuwa tana nan kwance, itace mai kyau, zai yi gawayi buhu-buhu, sai dai mai gawayin zangon ba ya iya riƙe gatari. Matarsa ce ke ba shi abinci a baki.

Aka ba Ekitela ladansa, ɗan akuya mai gudawa.

A wannan rani yaɓin kai ya tsattsage a ƙeyar maza, ya yi ta zubowa, ba wanda ya je wurin amininsa a sabunta masa. A gindin bishiyar maza kowa ya koyi zama da baya a jikin itace. Wata rana ana zaune shiru, wani ganye ya sauko ya manne a kan Ekitela. Ya cire ya duba, don hannu ya saba. Ƙandili ne. Yanzu ko bai duba ba, ƙandili ne.

"Mai sanƙo," in ji Tsoho Lokaale, yana sosa tsagaggen yumɓunsa, ba alamar wasa a fuskarsa. "Kai yaya aka yi naka ya zube? Akwai magani?"